Ikilisiyarmu Tana Raguwa: Mu Ɗauki Mai Horarwar da Ya Ce Zai Ninka Yawanmu?

Tambaya: Ni fasto ne. Kujeru sai ƙara zama wayam suke yi ranar Lahadi, matasanmu sun koma wata sabuwar majami'a, baiko ya yi ƙasa, dattawa kuma sun fara yi mini wani irin kallo. Wani mai horar da fastoci ya ce in mun biya shi zai ninka yawanmu cikin wata shida. Mu ɗauke shi? Ko barci ba na iya yi.

Amsa: Sannu da ɗawainiya, Fasto, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Neman mai horarwa ba abin kunya ba ne, amma wannan dai kada ku ba shi ko sisi. Mutumin da ya yanka maka adadi da wa'adi tun bai zauna da dattawanka ba, bai buɗe rajistar membobi ba, ɗan kasuwa ne.

Abin da yake sayar maka shi ne kuskuren da nake fama da shi kullum a wurin fastoci: wai cikar kujeru ita ce lafiyar ikilisiya. Kumburi ba ƙiba ba ne. Donald McGavran, wanda ya daɗe yana aikin mishan a Indiya kafin ya kafa cibiyar nazarin haɓakar ikilisiya a Amurka a 1961, ya raba ƙaruwa gida uku: 'ya'yan da aka haifa wa membobi, masu sauya sheƙa daga wata ikilisiya, da sababbin tuba. Masu alkawarin wata shida, kashi na biyun kaɗai suke iya kawowa, domin shi ne mai sauri. Za a shirya taron farkawa na mako guda, a ɗauko baƙon mai wa'azi, a yi hayar manyan lasifikoki, a cika gari da fosta. Majami'a ta cika maƙil, a ɗauki hoto, mai horarwa ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Bayan Lahadi uku sai ka ga kujerun nan sun koma yadda suke, ga bashin haya a wuyan ma'aji. Waɗanda suka tsaya ɗin ma tumakin maƙwabcinka ne, kuma wanda kiɗa ya kawo, kiɗan da ya fi naka zai ɗauke shi. Mulkin Allah bai ƙaru da mutum ko ɗaya ba, an dai kwashe daga wannan rajista an zuba a waccan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in abin ya rushe, sai a ce wa fasto bangaskiyarsa ce ta gaza, ko kuwa akwai maƙiya a cikin dattawa. Daga nan zargi ya shiga, ikilisiyar da ke fama da rauni ta tsage biyu.

Kada ka ɗauka ƙananan ikilisiyoyi kaɗai abin ya shafa. Ikilisiyar Willow Creek, kusa da Chicago a Amurka, mai tara dubban mutane, ta fitar da binciken kanta a 2007, ta amince cewa yawan shiga shirye-shiryenta bai nuna cewa mutane suna girma cikin bangaskiya ba. Ikilisiyar Sardisu ma suna gare ta cewa tana raye, amma a Wahayi sura 3 matacciya aka kira ta.

To, mene ne aikin mai horarwa na gaskiya? Tambaya ya fi yi, ba wa'azi ba. Mutum nawa aka yi wa baftisma cikin shekara uku da suka wuce, nawa ne a cikinsu suke nan har yanzu? In memba ya yi Lahadi huɗu bai zo ba, wa ke lura? In kai ka kwanta ciwo, wa zai riƙe nazarin Littafi Mai Tsarki? Christian Schwarz, Bajamushen da ya nazarci ikilisiyoyi 1,000 a ƙasashe 32, ya zayyana alamomin lafiya takwas, ciki har da shugabanci mai ba wasu dama, ƙananan ƙungiyoyin zumunta da ƙauna tsakanin membobi. Shawararsa ita ce a fara da alamar da ta fi rauni. Sau da yawa ina tarar da raunin a ofishin fasto: shi ne mai wa'azi, shi ne mai ziyara, shi ne mai sulhu, makullin ɗakin ajiya ma yana aljihunsa. Abin da Yetro, surukin Musa, ya tsawata masa ke nan a Fitowa 18, har Musa ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma.

Kafin ku nemi kowa, ka ɗauki dattijo ɗaya ku ziyarci matasan da suka tafi. Kada ka roƙe su su dawo, kada ka kāre kanka, ka tambaye su dalili ka yi shiru. Za ka ji abin da ba daɗi, ka rubuta shi. In kun tashi ɗaukar mai horarwa, ku tambayi shugabannin ɗarikarku, ku kira fastocin da ya yi aiki da su shekara biyu baya ku ji inda suke yau. Ku biya shi ladan lokacinsa, ba bisa yawan kawunan da ya tara ba, ku kuma sa a yarjejeniya cewa dattawa za su zauna a kowane zama.