Amsa ga mai goyon da ke tsoron allurar tazara

Ƙanwata, kin ce goyonki wata bakwai, kina tsoron kwanika, amma uwar mijinki ta ce allura na kashe mahaifa. Ni ma haka aka ce mini, shi ya sa wata 15 ne kacal tsakanin ɗana na fari da ƙaninsa. Na yaye yaro da ciki, ya yi ta zawo, ni kuma na bushe kamar kara.

Da farko, kada ki dogara da shayarwa yanzu. Nono yana tsare ciki ne in jariri bai kai wata shida ba, ba ya cin komai sai nono, kuma jini bai dawo miki ba. Naki ya wuce nan.

Allura ba ta kashe mahaifa, sai dai tana da jinkiri. Na yi ta wata uku-uku har shekara biyu a likitar unguwarmu nan Tawa, da na bari sai da na yi wata tara kafin ciki ya shiga. Watannin nan na sha habaici a gidan biki, har ni kaina na fara zargin ko gaskiyar tsofaffi ce. Yarinyar ga ta nan tana zuwa lakwal.

Abin da ya fi korar mata shi ne rikicewar al'ada. Wata jini ya yi ta ɗiga, wata ya ɗauke ɗif, sai ta daina a ɓoye ba ta koma wajen unguwarzoma ba. Ni ɗigar ce ta dame ni, saboda salla. Da na koma na faɗa, aka ce yawanci yana lafawa, in kuma ban iya ba a canza mini. Yanzu ta hannu gare ni, wato wadda ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, Jadelle, mai shekara biyar. Akwai Implanon mai uku, kuma duk ranar da kika so ana cirewa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce kayan tazara kyauta ne a likitocinta, ko da yake wani lokaci a ce wanda kike so ya ƙare.

Maigida kuwa, ban ce masa na gaji da haihuwa ba, don ba ita ce maganar ba. Hutu na roƙa, har yaro ya cika shekara biyun shan nononsa. Shi da kansa ya kai ni bisa moto. Uwar miji ba mu faɗa mata ba sai daga baya.

Ranar awon jariri ki tambaya, kuma in kina da hawan jini ki faɗa kafin a ba ki ƙwaya.