Ke da ko arba'in ba ki yi ba

'Yata, autana ya karanta mini saƙonki, na yi dariya sannan na yi tagumi. Wai surukarki ta ce al'ada ta hana a ɗiga wa jariri maganin shan inna kafin a gama wankan jego, kuma kin ji a WhatsApp cewa ɗigon ne ma ke kawo cutar. Ke da ko arba'in ba ki yi ba, har kin fara tara magana a kai.

Ni dai gudun masu lamba, wato masu yin rigakafi, na sani, lokacin agana. Ina 'yar tallan gyaɗa aka ce ga su nan da farar mota. Kakarmu ta cusa mu cikin rumbu, ni da ƙanena, ta kife murfin. Ƙaiƙayin gero ya ishe mu, yaron na ta atishawa ina toshe masa baki, sai ga mai unguwa da kansa ya leƙo ya ce, "Wannan hatsi naku mura yake yi?" Da kunne aka zaro mu. Tabon na nan a dantsena, agana kuwa ta tafi. Ƙanen nan nawa, bayan damina biyu, ya kwana da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta saki. Aka ce Inna ce ta sha. An kai nono, an yi turare, ya girma yana jan ƙafa. Lokacin babu mai yawo da ɗigo a ƙauyenmu, da akwai wataƙila rumbun za a sake kai mu.

Ban ga laifin masu tsoro ba. Baba yakan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mutanen Kano ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba. Amma da aka tsayar da rigakafin shan inna a 2003, yaran wa suka gurgunce?

Maganar wayarki kuwa, rabin gaskiya ce. Wata unguwarzoma ta fahimtar da ni: ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta, tana fita a kashin yaro. In yaran unguwa duk sun sha, a nan ƙwayar ke mutuwa. In an ɓoye rabinsu, ga kwata ga ruwan rijiya, sai ta dinga bi daga yaro zuwa yaro shekara guda ko fiye, har ƙarfinta ya dawo. Shi ya sa aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020, amma har yanzu ana bi gida-gida. Inna mahaifiyata takan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku 'yan yanzu kun yar da kunun kanwa, kun rungumi maganar wanda ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Surukarki kada ki yi mata gardama, ki bari in zo suna na gidan maƙwabtanku, ni da ita za mu zauna. Ruwan wankan naki dai, da ganyen darbejiya ake dafa shi ko an daina?