Hoton da ke kan CV ɗinki, ke ce kuwa?

Tambaya daga Wadata, Yamai: Malam, ina son shiga harkar fim. Na haɗa CV a wayata, na sa hoton da na gyara da Snapchat don ya fi kyau. Ya yi?

Bai yi ba, ƙanwata, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Filtar Snapchat tana haska fata, ta matse hanci, ta buɗe ido, ta goge tsagar gado da ke kumatu. Shi kuwa darakta fuskar yake nema, don ita zai sa gaban kamara. Ranar gwaji ki shigo, ya dubi takarda ya dube ki, ya ce ina yayarki da ta aiko hoto? Kin yi asarar kuɗin taksi ke nan. Abin takaici, wataƙila wushiryar nan ko baƙar fatar da kika ɓoye ita ce ta dace da rawar da ake neman mai takawa.

Ko ba Snapchat, kamarar gaba ta Tecno da Itel da Infinix tana da nata kwalliyar, ki kashe ta. Ni kullum kamarar baya nake cewa a ɗauka da ita. Ki goge gilashin, ki tsaya a inuwa bayan la'asar, jikin bango marar zane, wani ya ɗauke ki. Hoto biyu sun isa: ɗaya daga kafaɗa zuwa sama, ɗaya a tsaye. In ta WhatsApp za ki tura, ki tura a matsayin fayil, don in kin tura shi a hoto yana matse shi ya dushe.

Takardar kuma shafi ɗaya: suna, lambar waya, tsayinki a santimita, harsunan da kike ji, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, da wasan da kika taɓa yi, ko na makaranta ne ko a dandalin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da ke Yamai. Abin da ba ki yi ba kada ki rubuta. Kada kuma ki liƙa katin shaidarki.

Daga Tawa: Na rubuta CV da Word, amma a wayar mutane layuka suna wargajewa.

Ka maida shi PDF, WPS Office yana yi kyauta. Ka sa wa fayil ɗin sunanka, "sabo na ƙarshe 2" ba wanda zai gane na waye.

Daga Bukoki: Bidiyon wasana ya ƙi tafiya ta imel.

Gmail ba ya ɗaukar fiye da mega 25. Ka yanke shi zuwa minti biyu, ka ɗora a Google Drive, ka buɗe wa duk mai mahaɗin bidiyon (link) izinin gani, sannan ka rubuta mahaɗin a ƙasan CV. Ka fara gwada buɗe shi a wayar abokinka.