Tambaya da Amsa: Ina so in mayar da ajin ɗinkina shafin intanet na masu biyan kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ce a Zariya, kuma shekara biyu ke nan ina koyar da mata yanka da ɗinki a wani zaure na WhatsApp, inda kowace ɗaliba take biyan naira 2,000 a wata. Yanzu sun kai 140, amma duk ƙarshen wata sai na raba dare ina duba hotunan rasit, ina cire waɗanda ba su biya ba, ga shi kuma na tarar ana yaɗa bidiyoyina a wasu zauruka kyauta. An ba ni shawarar in buɗe shafin intanet wanda sai wadda ta biya za ta shiga. Ta ina zan fara?

Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki shi ne mata 140 ɗin nan, domin da yawa daga masu aiko mana irin wannan tambaya sukan kashe kuɗi su gina shafi tukuna, sannan su shiga neman wanda zai biya, ke kuwa kin riga kin samu masu biya. Saboda haka duk shawarar da za ki yanke, ki auna ta da tambaya ɗaya: shin za ta sauƙaƙa wa waɗannan mata biya da koyo, ko kuwa za ta kore su?

Hanyar gini iri biyu ce. Kina iya hawa dandalin da aka riga aka shirya, kamar Selar, wanda 'yan Najeriya suka kafa domin sayar da darussa da littattafai, su karɓi kuɗi a madadinki su cire kasonsu. Kina kuma iya gina naki da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, a ɗora masa wata manhaja irin su MemberPress ko Paid Memberships Pro, wadda take kulle darasi ga wadda wa'adinta ya ƙare ba tare da kin taɓa komai ba. A ganina ki fara da ta farko, ki yi kamar wata shida, domin ta biyun tana buƙatar kuɗin sunan shafi da na masaukinsa, wato wurin da ake ajiye shi a intanet, duk shekara, da mai gyara idan shafin ya tsaya. Yawancin irin waɗannan manhajoji kuma da dala ake biyansu, kuma duk mun ga yadda naira ta faɗi tun daga watan Yuni na 2023. Ranar da kika tashi gina naki, ki tabbata an yi rajistar sunan shafin da sunanki da imel ɗinki, ba da na wanda ya gina miki ba, ko da ɗan'uwanki ne.

Batun karɓar kuɗi shi ne inda nake so ki fi natsuwa. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna iya cire kuɗi daga katin ɗaliba kai tsaye duk wata, amma ki tuna da irin matan da kike koyarwa. Wata ba ta da kati, wata wayar maigidanta take ara, wata kuma sai ta aiki yaro wurin mai POS ya tura mata. Matar da ta saba tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ba za ta yarda cikin sauƙi a riƙa taɓa asusunta ba tare da ta danna da hannunta ba. Don haka ki bar ƙofar tura kuɗi ta banki a buɗe, ki kuma fito da tsarin biyan wata uku ko shida a dunƙule da ɗan rangwame, wanda zai rage miki bibiya. Ki lura da lissafin caji ma: a tsarin da Paystack ya daɗe a kai, yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma yana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai 2,500 ba. Ke nan a 2,000 naira 30 za a cire, a 3,000 kuwa 145. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC zai sauƙaƙa miki buɗe asusun sana'a, ki raba kuɗin aji da na cefane.

Game da satar bidiyo, zan faɗa miki gaskiya: shafi zai rage ta, amma ba zai kashe ta ba, tunda ana iya ɗaukar fuskar waya da wata wayar. Ki sa sunanki da lambarki a jikin kowane bidiyo, yadda duk inda ya je zai zame miki talla. Abin da ɓarauniya ba za ta iya turawa ba shi ne idonki. Ɗalibar da ta yanka hannun riga ya ƙi zama, ta ɗauki hotonsa a kan tabarma ta turo, kika duba kika ce mata ta rage inci ɗaya a hammata, ita ce za ta sake biya wata mai zuwa. Ki ware rana ɗaya a mako ta duba aikin ɗalibai, ki kuma riƙa fitar da sabon darasi a ranar da kika yi alkawari, musamman gab da azumi, lokacin da kowa ke neman sabon yayin ɗinkin Sallah.

Kada ki rufe zauren WhatsApp ɗin, domin a nan suka saba hira da tambaya. Darussa da biyan kuɗi kawai za su koma shafi. Bidiyo kuma kada ya wuce minti goma, saboda tsadar data. Lambobin waya da hotunan matan nan amana ce a hannunki, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanki, don haka kada ki ba mai talla su. Kafin ki sanar da kowa, ki zaɓi ɗalibai goma, har da waɗanda waya ba ta zauna musu sosai ba, su gwada shiga da biya a gabanki, ki rubuta duk inda suka tsaya a gyara shi kafin sauran 130 su iso.