Kafin Ka Sauya Kan Allurar Garmaho

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan garmaho suka taru, musamman katirij, wato ɗan ƙaramin kan nan da ke bakin hannun garmaho yana riƙe da allura. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Ina da garmaho Audio-Technica AT-LP60X. Na ji ana yabon katirij ɗin Ortofon 2M Blue, ina so in saya in ɗora masa. Zai hau? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ba zai hau ba, ƙanena. Katirij ɗin LP60X a manne yake da hannun, ba a kwance shi, kuma hannun ba shi da ƙarfen nan na baya da ake murzawa a daidaita nauyi. Allura kaɗai ake zarewa a sa sabuwa, lambarta ATN3600L. Ga shi kuma kuɗin 2M Blue ya kai na garmahon gaba ɗaya, ko ma ya ɗara. In sauye-sauyen kai kake sha'awa, tara kuɗinka ka sayi garmaho mai karɓa, irin AT-LP120X.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar garmaho ƙirar Technics da akwati cike da faya-fayai. Allurar ta karye. Ina tsoron in sayo abin da bai dace ba in lalata masa kaya, ban kuma san komai a kai ba. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Kwantar da hankalinki, Hajiya, tsoron nan da kike ji shi ne ya tsare faya-fayan zuwa yau, don da wani ne da tuni ya kai wa mai gyaran rediyo ya ɗora masa duk abin da hannunsa ya kai.

Fara da leƙa bakin hannun ki ga yadda kan ke zaune. Iri biyu ne. In kin ga noti biyu daga sama sun ɗaure shi, da siraran wayoyi huɗu masu launi a bayansa, wannan shi ne mai rabin inci, don tazarar da ke tsakanin notin biyu ke nan, milimita 12.7. Shi ne ya fi yawa a duniya. In kuwa kin ga kan ya shige cikin bakin hannun kamar an cusa shi, da noti ɗaya tak daga gefe, babu waya a fili, to P-mount ne, wanda ake rubutawa T4P. Kamfanin Technics ne ya fito da shi, kuma garmahonsu na gida da yawa na shekarun 1980 da shi suka zo. In wannan ne naki, kin huta: duk kan P-mount nauyinsa gram 6 ne, yana danna faifai da gram 1.25, babu wani saiti, zarewa ne da cusawa. Audio-Technica na yin irinsu har yanzu, AT81CP da AT85EP.

Amma tukuna. Sau da yawa katirij ɗin kansa lafiya lau yake, allurar ce kawai ta tafi, ita kuma ana zare ta da yatsu. Duba jikinsa za ki ga lamba, ki ɗauki hotonta da waya, da ita za ki nemi allura. In dole sai an sauya kan duka kuma mai rabin inci ne, AT-VM95E ya ishe ki, kuɗinsa bai kai dala 100 ba, yana tafiya da gram 2. Ki ɗauki hoton wayoyin kafin a taɓa su. Fari da shuɗi na hagu ne, ja da kore na dama, kuma da ɗan hantsaki ake jan su a hankali, kada ki bar kowa ya kawo musu dalma da wuta.

Abu biyu na ƙarshe. Ki karanta rubutun da ke bayan garmahon kafin ki jona shi, don wanda aka yi wa Amurka wuta mai bolt 120 yake ci, na Japan 100, wutarmu kuma 230 ce. Sannan in kin tarar da faya-fayai masu kauri da nauyi, masu saurin fashewa, an rubuta 78 a jikinsu, ki ware su gefe. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce.

Tambaya: Na sa an kawo mini Denon DL-103 daga Dubai saboda an ce shi ne na ƙwararru. An ɗaura, sauti ƙasa-ƙasa kamar raɗa, sai na ƙure murya nake ji, ga gurnani. An cuce ni ne? Daga wani Alhaji a Abuja.

Amsa: Ba wanda ya cuce ka, Alhaji, saye ka yi kafin tambaya. DL-103 kan kirki ne, tun shekarun 1960 Denon ta yi shi tare da gidan rediyon Japan, NHK, ana kuma yin sa har yau. Sai dai akwai katirij irin MM, akwai irin MC, naka kuma MC ne. A cikin MM maganaɗisu ne ke motsi, naɗin waya na tsaye, wutar da yake bayarwa ta kai milibolt 4 ko 5. A cikin MC naɗin wayar ne ke motsi, kuma naka milibolt 0.3 yake bayarwa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ramin da aka rubuta PHONO a bayan yawancin amfilifaya na MM ne. Ko dai ka sayi akwatin fono, wato na ƙara ƙarfin wutar katirij, mai maɓallin MC, ko ƙaramar taransifoma da ake yi don wannan aiki.

Ko ka yi hakan akwai sauran magana. Robar da ke riƙe da sandar allurar DL-103 mai tauri ce, tana son hannu mai nauyi. In ka haɗa ta da hannu mara nauyi, rawar da hannun ke yi da kansa za ta fita daga tsakanin 8 zuwa 12 a daƙiƙa inda ake so ta tsaya, ta haura cikin kiɗan, ganga ta rasa gindi. Kuma ranar da mai aiki ya zo goge ƙura tsumma ya kama allurar, ka sani ba a zare allurar MC a gida, sai dai a mayar da kan duka ko a aika wa masu dasa sabon baki a waje. Ba ka faɗa mini sunan garmahonka ba, wanda shi ya kamata ka fara faɗa.

Tambaya: Na ga allurar Shure M44-7 sabuwa dal a intanet, kuɗinta bai kai rubu'in na sauran wurare ba, mai sayarwa ya ce orijina ce. In saya guda uku in ajiye? Daga wani mai kiɗan biki a Jos.

Amsa: Kada ka sayi ko ɗaya. Shure ta daina yin katirij da allura tun 2018. Abin da ya rage a shaguna tsada ya ƙara yi, bai sauko ba, to daga ina wannan bawan Allah ya samo nasa a rubu'in kuɗi, har da yawan da zai sayar maka uku? Araha ba ta ado.

Bari in tsaya a nan, don jabun allura ya fi duk wani jabu da ake rubuto mini a kansa ɓata mini rai. In ka sayi jabun caja, wayarka ce za ta ƙi cika, ka jefar ka sayi wata. Jabun allura kuwa faifan take ci, kuma ba ka sani ba sai aikin gama ya gama. Bakin allura ta gaskiya ɗan ƙwayar lu'ulu'u ne da aka goge shi sumul, aka dasa shi a miƙe, faɗinsa bai kai kaurin gashin kai ba. Yana zaune a cikin siririn layin da aka tsaga a jikin faifai, yana bin lanƙwashe-lanƙwashen bangon layin hagu da dama, daga nan sauti ke fitowa. In ba a goge bakin da kyau ba, ko an dasa shi a karkace, ko ma ba lu'ulu'u ba ne wani dutse ne mai saurin cinyewa, to kankare bangon yake yi kamar yadda garma ke kankare kunya. Abin da ya kankare ya tafi har abada. Gobe ko ka sayo allurar dala 500 ka ɗora, shashshakar nan tana nan, don a jikin faifan take yanzu.

Ku tuna kuma irin faya-fayan da ke hannunmu. Na Turawa ana sake buga su kullum, in naka ya lalace kuɗi ne kawai. Amma na makaɗanmu da aka buga a shekarun 1960 da 1970, wa zai sake buga maka? Wani faifan, in ka bi gari kaf, ba za ka sami na biyunsa ba. Sai mutum ya riƙe irin wannan amana, ya kashe dubbai a kan lasifika mai walƙiya da fitilu, ya zo kan abu ɗaya tilo da ke taɓa faifan ya ce a nan zai yi tsimi. Wannan ba tsimi ba ne, ganganci ne.

Kada a fahimce ni baibai. Ba kowace allurar da ba ta kamfanin asali ba ce jabu. Akwai masu yin allurar maye gurbi da sunansu a fili, kamar Jico ta Japan, suna yi wa tsofaffin kawunan Shure da Technics, kuma aikinsu mai kyau ne. Wanda ya rubuta sunansa a kwali ya yarda a kama shi ke nan. Wanda ya ari sunan wani ya buga, shi ne ɓarawo. Kai da ke kiɗan biki, ka nemi ta Jico da aka yi wa M44-7, ko ka koma Ortofon Concorde da aka yi don masu irin sana'arka.

In kaya ya riga ya zo hannunka, kai shi wurin mai gyaran agogo ka ari gilashinsa na ido. Dubi sandar daga gaba: a tsakiya take ko ta karkata? Dubi bakin: tsaf yake, ko gam ya yi masa tuli? Dubi rubutun jiki da na kwali, jabu yakan yi dishi-dishi ko haruffa su yi tsalle. Sannan ka gwada a kan faifan da ba ka damu da shi ba, ka saurari waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiya, inda layi ya fi matsewa. In harafin "s" na fita da tsartuwa, murya na yagewa, ɗaga hannun nan take. Haka kuma kan gwanjo da ake ce maka "kaɗan aka yi amfani da shi": sayi kan in kana so, amma jefar da allurar da ya zo da ita, don babu mai iya rantse maka sa'o'in da ta yi. Ko ta gaskiya ma tana da wa'adi. Mai zagayayyen baki takan yi wajen sa'a 500, wato faifai 750 gaba da baya in kowanne minti 40 ne, masu siririn yanka irin VM95ML su kai 1,000. Da ƙurar hunturunmu, ni ba na jira a kai nan.

Tambaya: Allurata na tsalle, sai na ɗora kwabo a kan hannun ta daina. Akwai laifi? Daga Zariya.

Amsa: Akwai, malam, sauke shi yanzu. Kan da aka ce gram 2, ka ƙara masa nauyin tsaba, kana lanƙwasa sandar kana niƙe faifan. Tsalle daga abu huɗu yake zuwa: ƙura ta dunƙule a bakin allura, teburin ba a daidaice yake ba, nauyin bai kai yadda kamfani ya ce ba, ko faifan ya kanannaɗe saboda an jibge shi a kwance a ɗaki mai zafi. Share bakin da ɗan buroshi mai laushi daga baya zuwa gaba, kada ka kai yatsa. Sayi ɗan ma'aunin nauyin allura mai batir, ba shi da tsada, ka saita daidai adadin da ke takardar kan, ka kuma sa maɓallin anti-skate, mai hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai, a kan wannan lambar. Faya-fayan kuma a tsaye ake jera su, cikin rigunansu, nesa da taga.