Ka ce duk ɗaci ɗaya kake ji

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina tsaye kan kasko, shi ya sa ban amsa ba sai yanzu da na rufe shago. Alhamdu lillahi da ka sauka Fumbot, can Yammacin Kamaru, lafiya, don hanyar Tibati zuwa Banyo ba ta raga wa kowa. Ka ce manoma uku sun ba ka gahawa ka sha, kowa na rantsuwa tasa ta fi, kai kuwa duk ɗaci ɗaya kake ji, har ka fara tsoron kada ka zubar da kuɗin da na damƙa maka. Ka kuma tambaye ni yadda nake kurɓa sau ɗaya in ce wannan ta kan dutse ce, waccan ta kwari. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai.

Ba laifin harshenka ba ne. A Garwa ka tashi kamar yadda na tashi, gahawar da muka sani ta teburin mai shayi ce, Nescafé da madara da sukari cokali uku. In ba ita ba, sai irin ta 'yan'uwanmu na Kusiri da Njamena, wadda ake soyawa ta yi baƙi ƙirin a dafa da citta da kanumfari a zuba a finjali. Ina son ta, har gobe ita nake ba baƙona. Amma abin da bakinka ya saba da shi a ciki citta ce da sukari, ita gahawar tana can ƙasa a lulluɓe. Mai saye kuwa dole ya yaye wannan lulluɓi. Saboda haka daga gobe, duk abin da za ka ɗanɗana don ciniki, kada sukari ya kusance shi. Ka ajiye goro da safe har sai ka gama, ka guji yaji, kada ka shafa turare. Na san barin goron zai yi maka wuya, amma baurinsa yana kwanciya a harshe ya daɗe bai tashi ba.

Kuskurenka na biyu shi ne ka sha ta wancan manomi da hantsi a gidansa, ta wannan da yamma a gidan wani, kowace da irin suyarta da irin ruwanta. Haka ba a gane komai. Harshe ba ya riƙe abu kamar yadda ido ke riƙewa. Sai an jera masa biyu ko uku a gabansa lokaci guda yake fara faɗin gaskiya. Mai sayen shadda ma ba ya yanke hukunci kan turmi ɗaya sai ya ɗora shi kusa da wani.

Ga yadda za ka yi. Karɓi ɗanyar ƙwaya daga kowane manomi, kamar cikin tafi biyu. Ka soya su da kanka, kowace daban, a kasko ɗaya da wuta ɗaya, kana juyawa ba tsayawa. Za ka ga ta tashi daga kore zuwa ruwan ɗorawa, ƙamshinta kamar na burodi a tanda, sannan ta fara yin ƙas-ƙas kamar ana karya ƙananan kara. Wannan fashewar farko ke nan. Jim kaɗan bayanta ka sauke, ka baza a faranti kana fifita. Kada ka bari ta kai ga fashewa ta biyu har mai ya fito mata a jiki, don a nan kowace gahawa ta duniya takan koma ɗanɗanon gawayi, mai kyau da marar kyau su zama ɗaya. Ina zargin ma abin da aka ba ka ke nan. Ka bar ta ta kwana, washegari ka daka ta, ba lukui ba, kamar tsaki mai ɗan laushi.

Ma'aunin da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi a duniya shi ne giram 8.25 ga ruwa mililita 150, zafin ruwan wajen digiri 93. Ƙaramin sikelin da na sa maka a jaka don wannan ne. Abu ɗaya da tafiya ta koya mini: ruwa ba ya tafasa a zafi ɗaya ko'ina. A Garwa muna ƙasa, kusa da Binuwai, sai ya kusa 100 yake tafasa, dole ka sauke ka ɗan dakata. A garin Cang na jihar Yamma, inda tudun ya kai wajen mita 1,400, yana tafasa ne a wajen 95, kusan kana saukewa kana zubawa. Ruwan kuma ya zama na gora iri ɗaya, kada ka yi da na rijiya mai zartsi.

Kafin ka zuba ruwa, ka kai hanci kan busasshen garin a kowane kofi. Sannan ka zuba, ka bar shi minti 4 ba motsawa. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Sunkuya har hancinka ya kusa taɓa bakin kofin, ka tura ɓawon da bayan cokali. Tururin da ke fitowa a wannan lokaci shi ne mafi faɗin gaskiya a duk aikin. Sai ka kwashe kumfar, ka jira ta huce yadda ba za ta ƙona ka ba, ka ɗebo a cokali ka zuƙa da ƙarfi, fuut, har ta fantsama ko'ina cikin bakinka ta hau ta bayan hanci. A gaban mutane za ka ji nauyi, tun da an hore mu kada mu yi ƙara wajen ci da sha. Wannan aiki ne, ba rashin ladabi ba. Ka tofar a wani gwangwani, ka ɗauraye cokali, ka wuce kofi na gaba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai. Idan ka zuƙa, kada ka tambayi kanka ko da daɗi ko babu. Tambayi kanka: me wannan ta tuna mini? Turawa da ke wannan aiki suna ambaton 'ya'yan itatuwan ƙasarsu waɗanda ni da kai ba mu taɓa sa wa a baki ba, kuma na ga yara da yawa suna haddace sunayen suna maimaitawa ba tare da sun ji komai ba. Kai kana da kasuwarka a cikin kanka. Akwai tsami irin na tsamiya, mai kauri da ɗan zaƙi a bayansa. Akwai irin na zoɓo, mai kaifi da sa yawu. Akwai na lemun tsami, akwai yami irin na magarya. Zaƙi ma haka: na dabino daban, na rake daban, na goruba mai ɗan ƙamshin toyi daban, na zuma daban. Garɗin soyayyar gyaɗa ka san shi tun kana goye. In ka ji ɗinya, rubuta ɗinya. Ba wanda zai ce ka yi kuskure, domin littafin naka ne, kuma sunan da ka raɗa wa abu da bakinka shi ne ba ka mantawa.

Ka lura, tsami a gahawa ba aibi ba ne. Mutanenmu da sun ji shi sai su ce ta lalace. Tsamin da ke da tsabta, wanda ke zuwa tare da zaƙi, shi ne alamar arabika, wato irin gahawar kan tudu, inda sanyin dare ke sa 'ya'yan su nuna a hankali, ƙwayar ta yi tauri ta tara sukari. Shi ya sa arabikar ƙasarmu take a duwatsun Yamma da Arewa maso Yamma, robusta kuma, wato ɗaya irin gahawar, a wurare masu zafi da laima kamar Mungo, wajen Nkongsamba, da jihar Gabas. Robusta tana da sinadarin hana barci kusan ninki biyu na arabika, ɗacinta ya fi nauyi, jikinta ya fi kauri. Ka sayi kaɗan ka sa ta a jerin kofunanka. Tsakaninta da arabika ne harshenka zai fara buɗewa, don bambancin a fili yake. Tsamin da za ka guda shi ne mai kama da kunun da ya kwana biyu, mai hawa hanci da wari.

Kada kuma ka yi gaggawar yanke hukunci tana da zafi. Zafi yana rufa wa gahawa asiri. Ka koma kan kofunan sau uku: da zafi, da ɗumi, da kuma bayan sun huce sarai. Mai kyau tana ƙara zaƙi in ta huce. Marar kyau a nan take tona kanta, ka ji maƙaƙi a maƙogwaro ko ɗanɗanon tsohon buhu.

Ni ma a kan hanya na gane wannan. Na yi shekaru ina suya ina sayarwa, a zatona na san gahawa, sai da na yada zango a Adis Ababa a hanyar Umra. Wata dattijuwa ta soya ƙwaya a gabanmu, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta dafa a tulun yumɓu da suke kira jabana, ta zuba mana har zagaye uku kamar yadda al'adarsu take, na ukun suna ce masa baraka. Washegari a wani shago aka ba ni ta yankin Yirgacefe na Habasha, suya marar duhu, ba sukari. Na kurɓa na ajiye kofin, na tambayi mai shagon ko ya sa furen lemo a ciki. Ya ce ba komai sai ruwa. Ranar na san itacen da kansa yana da abin faɗi in ba a toshe masa baki da wuta ba.

Kofi kaɗai bai isa ba, tun da ga ka a gona. Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka ka roƙi manomi ya kai ka inda yake shanya. Duba ko jajayen 'ya'ya zalla yake tsinka, ko yana haɗawa da kore. Korayen su ne ke kawo bauri. Tambaye shi ko wankakkiya ce, wato an ɓare an jiƙa an wanke kafin shanya, ko da ɓawonta aka busar. Ta farko takan fi tsabta da kaifi, ta biyu takan fi zaƙi da nauyi. Sannan ka ga a kan me ake shanyawa. Na taɓa sayen buhu shida wurin wani dillali, kowanne kilo 60, don ƙwayar ta yi mini kyau a ido kuma mota na jira. Ban soya ba, ban ɗanɗana ba. Da na iso Garwa na dafa, sai ƙasa da fumfuna. A tsurar ƙasa aka shanya ta, ruwa ya taɓa ta, aka ɗura a buhu da sauran danshi. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wani dattijo da ke saye wurina shekara da shekaru ya kurɓa ya ajiye bai ce komai ba. Busasshiya yadda ya kamata danshinta tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100 yake. In ba na'ura, ka ciji ƙwayar: ta yi tauri ta fashe, kada haƙori ya nutse. Ka cusa hannu har tsakiyar buhu ka ɗebo, ka ware baƙaƙe da masu hudar ƙwaro ka ga yawansu.

Za ka ji ana cewa gahawa ta musamman ita ce wadda ƙwararru suka ba maki 80 zuwa sama cikin 100. Gaskiya ne, amma kada ka ba da kuɗi don wani ya faɗi lamba da baki. In ka gama da Fumbot ka wuce Bafusam, can ne cibiyar UCCAO, haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoman Yamma da aka kafa tun 1958. Ka sayi tasu ka sa a jeri ta zama maka abin gwaji. Wajen Bamenda da Oku akwai gahawa mai kyau ƙwarai, amma tun rikicin da ya taso a 2016 ban yarda ka hau can ba, ko wa ya ce zai raka ka.

Wannan karon kada ka sayi buhu ko ɗaya sai mun yi magana. Ka karɓo rabin kilo daga kowane manomi, ka biya shi kuɗinsa, kowace a ƙullinta, ka rubuta sunan ƙauye da yadda aka shanya ta a takarda ka sa ciki. Abin da harshenka ya ji kuma ka rubuta a littafinka, kada ka nuna mini. In ka dawo zan soya su, in jera maka kofuna ba tare da ka san wace ce wace ba, mu zuƙa tare, sannan ka buɗe littafin mu gani. Ka gaida mai masaukinka, ka kuma sayi rigar sanyi kafin ka hau Cang.