Ni ma lakabi mai ƙ ya taɓa hana ni barci

Ɗan'uwa, da na ga tambayarka cewa kana fitar da takarda daga Word zuwa XML, wato tsarin rubuta fayil da na'ura ke karantawa, sai lakabi (sunan da ake ba babi ko kalma a cikin fayil) mai ƙ ko & ya sa fayil ya ƙi buɗuwa, wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin abin da ya same ni ke nan a Gusau.

Littafin wani malami na karɓa zan mayar masa EPUB, wato littafin da ake karantawa a waya, wanda shi ma da XML ake gina shi. Wani babi sunansa "Noma & Kiwo", wannan & kaɗai ta ci mini dare guda, janareta na shan mai. Ashe XML ba ta yarda da ita tsirara, sai an rubuta &amp;. Haka < sai &lt;, > kuma &gt;. Ka fara sauya & kafin sauran, in ba haka ba za ka ɓata waɗanda ka riga ka gyara.

Amma ba wannan ya ƙona mini rai ba. Wani da nake ganin ya fi ni sani ya ce in cire ƙugiyar haruffa duka daga lakabi, wai shi ke nan magana ta ƙare. Na bi shi. A ƙarshen littafin akwai jerin kalmomi, kowace da lakabinta. Sai ƙasa da kasa suka zama ɗaya, ƙafa da kafa, ɓari da bari. Alhali id, wato lakabin da na'ura ke gane kowace kalma da shi, ba a yarda ya maimaitu a fayil ɗaya ba. Malamin ya buɗe a wayarsa gaban abokan aikinsa, ya taɓa ƙafa, ta kai shi kafa. Ya dube ni ya ce ashe ban iya ba. Cikon kuɗina har yau shiru. Mai shawarar kuwa da na kira shi, cewa ya yi bai tuna mun yi maganar ba. Allah ya isa ban ce ba, amma abin na nan a raina.

Don Allah kada ka taɓa ƙugiya a rubutun da mutane za su karanta. Adana fayil a tsarin haruffa na UTF-8, zai riƙe ƙ, ɗ da ɓ lafiya lau. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 ne ba shi da su, shi ya sa kake ganin alamar tambaya. Lakabin na'ura kuma ka haɗa shi da kalma marar ƙugiya da lamba, kamar kalma-047, ba sarari, kuma kada ya fara da lamba.

Af, duba 'yan da 'ya'ya. Word kan juya wannan alamar da ke gaban y ta lanƙwashe, wani wuri hagu wani wuri dama, ido ba ya rabewa amma na'ura na ganin lakabi biyu daban. Ni yanzu a manhajar gyara rubutu ta Notepad++ nake nemo su ɗaya bayan ɗaya. In fayil ɗinka ya ƙi buɗuwa, liƙo mana layin da kuskuren ya nuna mu duba tare.